Asibitin da na haihu a Jos: aikinsu ya yi, bil ɗinsu ne sai a hankali

Tunda 'yan uwa sun dame ni da tambaya bari in faɗi yadda na ga wurin. Asibitin kuɗi ne ƙarami a cikin gari, ba zan kama suna ba don akwai inda zan yi ƙorafi. JUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, can Lamingo ya mana nisa shi ya sa muka yanki kati a nan, kuma awonsu ba laifi gaskiya, a gwada miki BP da fitsari, sikanin ma a ciki suke yi ba sai an tura ki wani wuri da ƙaton ciki kina neman keke ba.

Abin da ya sa na ba su maki shi ne likitan. Haihuwata ta fari doguwar naƙuda na yi har na galabaita, ƙarshe dai aikin gaggawa aka yi, to wannan karon da ciki ya tsufa sai ya zaunar da mu ni da Abban yara ya mana bayani dalla-dalla. Ya ce wadda aka taɓa yi wa aiki sau ɗaya tana iya gwada haihuwa da kanta, amma sai a asibitin da tiyata ke shirye saboda tsohon ɗinkin mahaifa yana iya buɗewa, ko kuma a sa rana a sati na 39 a ciro yaro cikin natsuwa. Bai tura ni ko'ina ba, cewa ya yi Hajiya ku je ku yi shawara. Ni na zaɓi aikin da bakina, Abban yara ya sa hannu.

To nan fa aka fara. Wai matan yanzu ragwaye ne ba sa son wahala, wai lafiyarki ƙalau ki kai kanki a yanka ki, wata ma a gidan suna ta ce min ai wadda ba ta yi naƙuda ba ba ta san darajar ɗa ba. Ni da na yi naƙudar har na daina gane mutane! Masu cewa wasu asibitocin kuɗi suna saurin kai mace tiyata don kuɗin ya fi tsoka, ban ce ƙarya suke ba, nima da wannan zargin na shiga. Amma a duba, a 1985 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi maganar cewa kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na haihuwa ne ya dace a yi ta hanyar aiki, mu kuwa a Najeriya binciken 2018 ko kashi 3 ba mu kai ba, kenan waɗanda suke buƙatar aikin ba su samu ba sun fi yawa nesa ba kusa ba. Wanda ke musu ya leƙa sashen masu yoyon fitsari na asibitin Evangel a nan Jos ya ga abin da doguwar naƙuda a gida take yi wa yara mata, Allah ya ba su lafiya.

Ranar aikin tun dare aka hana ni ci. Allurar baya suka min, idona biyu, an sa labule a ƙirjina ina jin ana taɓa ni ana ja amma babu zafi, mai allurar yana tsaye ta kaina yana ta jana da hira har na ji kukan yarinya. Sanyi ne kawai ya so ya kashe ni, ga sanyin Jos ga na ɗakin tiyata, haƙorana har haɗuwa suke. Kuma don Allah a daina cewa aiki hanyar sauƙi ce, allurar nan tana saki za ki san an yi aiki, tari ma sai kin dafe ciki da filo, washegari nas ta zo ta ce sai na tashi na taka wai don kar jini ya daskare a ƙafa, wallahi kamar in rufe ta da duka amma ita ce da gaskiya.

Nas ɗin rana mutanen kirki ne. Ɗaya ma ita ta raba ni da rigimar wankan jego, don surukata ta riga ta sa an tanadi itace da kanwa. Ta durƙusa ta gaishe ta ta ce Mama a yi haƙuri da ruwa mai ƙuna da ganye a kan ɗinkin nan sai ya warke, kunun kanwar ma a bar shi saboda jininta ya ɗan hau. Surukar tawa ta ce to 'yar nan tunda ku kuka ce. Da ni na faɗa da yanzu ana nan ana sulhu.

Na dare kuwa sai addu'a, ledar ruwa ta ƙare ki yi ta kira, sai mai jinyarki ta je ta taso su. Ruwan zafi babu, a garin nan fa.

Sai bil. Difozit tun kafin ranar, a kawo mai ba da jini ko a biya, sannan ranar sallama aka miƙo wata takarda har safar hannu da auduga an lissafa, ta wuce abin da aka faɗa mana da farko sosai. Aikin kyauta da ministan lafiya Ali Pate ya sanar a Nuwamba 2024 na mata marasa ƙarfi ne a asibitocin da ke cikin shirin, nan kam ko kwabo ba a rage mana ba. In za ki je ki ce a rubuta miki komai a takarda tun ranar da aka sa rana, ki taho da bargo mai nauyi da fulas biyu, kuma ki samu mai jinyar da ba ta da nauyin barci.