Na'urar da ake daurawa babur a nan Amurka, da dalilin da yasa bazan aiko muku ita ba

Assalamu alaikum yayyena da kannena na garejin bakin tasha, da duk 'yan acabar da ke jigilar mutanenmu daga kauye zuwa Gumel, ya aiki ya damina? Tunda na tura hoton 'yar na'urar nan ta daidaita man inji da muka daurawa wani babur sakonni suka min yawa, kowa cewa yake in aiko masa ya saka a Boxer dinsa wai ta kara gudu ta rage shan mai. To gaskiya daya ce, ko na aiko babu inda zaku jona ta, kuma koda ta jonu ba aikin da kuke so take yi ba, bari in muku bayani tiryan-tiryan.

Baburan da muke gyarawa a nan Columbus ta jihar Ohio, in dai ba tsohon yayi bane ko na cikin daji, da wuya ka ga mai kafireta. Nozul ne ke fesa mai, akwai famfo a cikin tankin kansa yana turo man da karfi wajen bar 3 a ma'aunin karfin turi, sannan akwai kwakwalwar inji, wato biren bos din da masu rewaya suka sani a mota, ita ke lissafin tsawon lokacin da nozul zai bude, abin da bai kai kiftawar ido ba. Tana duba juyin inji, da yadda ka murda totur, da zafin inji da na iska, kuma akwai wani sensa a jikin salansa da yake sansanar hayaki yana fada mata ko mai yayi yawa ko yayi kadan. Babu cok, babu sukurun iska da zaka murda, babu allurar da zaka daga ko ka sauke.

To kamfani yana saita ta ne akan dokar hayaki, wato mai kadan iska da yawa. A lissafi fetur zalla yana konewa tas idan iska ta kai kashi 14.7 akan kashi 1 na mai, amma inji yafi jin dadin ja a wajen 13 da 1. Su kuma mutanen nan da zarar mutum ya sayi babur abu na farko sai ya cire salansar kamfani ya sa mai kara, ya canza iyakilina ya sa wadda iska ke wucewa sosai, shikenan iska ta karu mai bai karu ba, sai kaji babur yana fas-fas in an saki totur, yana fizga a karamar giya, inji yana daukar zafi, ka ciro fulogi ka ganshi fari fat. Wannan ciwon shine na'urar take magani. Wadda muka fi sakawa sunanta Power Commander, ta kamfanin Dynojet da ke jihar Nevada, kudinta ya kan kai dala 400 ko fiye. Aikinta kamar na dillali ne a kasuwar Maigatari ranar Alhamis, tana tsayawa tsakanin biren bos da nozul, wancan yace a bada kaza ita kuma ta dan kara ko ta dan rage kafin maganar ta isa.

Daurawar kanta wallahi ba wani abu bane, duk yaron da ya shekara a garejinmu zai iya. Ka cire kujera, ka cire wayar batir, ka daga tanki, ka zare soket din da ke kan kowane nozul ka cusa na na'urar a tsakani, ka jona ta totur, ka kai wayar at, wato ta negatif, jikin batir, sai ka bi wayoyin ka daure su nesa da zafin inji da inda tanki zai danne su. Ba'a yanke waya ko daya, ba'a fere ta da hakori a nade da leda, kowane soket an yi shi ne daidai da irin babur din da shekarar da aka kera shi, shiyasa in zaka saya sai ka fadi shekara, in ka kuskure bazai shiga ba. Wannan abu yana burge ni, ka yi oda a intanet, a baka lambar da zaka dinga bibiyar kayanka har su iso kofar shago, da takardar bayani mai hotuna, in kuma ba shi bane baka bude ka bata ba ka mayar a baka kudinka. Ku tuna yadda muke tura yaro Kano da tsohon karfe a aljihu yana gwadawa shago-shago, ya dawo da yamma wani lokacin ma ba shi ba.

Inda aikin yake shine bayan an daura. Ana jona ta da kwamfuta, sai kaga tebur mai gidaje-gidaje, ta nan juyin inji ta can yawan totur, kowane gida ka rubuta a kara mai kashi kaza ko a rage. Zaka iya sauko da wanda wani ya riga ya tsara kyauta, amma mai son aiki mai kyau sai ya hau daino. Daino wani dandamali ne mai katon ganga a kasa, a daure babur da igiyoyi, tayar baya tana juya gangar, ga fanka tana hura masa iska, ga bututu an zura a salansa yana auna hayaki, maigidana na nan Amurka ya hau ya murda tun daga kasa har karshe babur yana ihu amma yana tsaye wuri daya, allo yana zana karfinsa da yawan man da ya kona a kowane mataki. Ranar farko da na gani jikina yayi sanyi, don abin da Oga na garejinmu na gida yake yi mana da kunne, ya karkata kai yana murda sukuru har sai karar ta zauna, shine dai wannan, bambancin kawai nan an rubuta shi a lamba, mai babur ya tafi da takarda a hannu yaga yadda yake da da yadda ya koma. Ni kam har gobe ina girmama kunnen Oga, Allah ya kara masa lafiya, amma kunne baya jin abin da ke faruwa a juyi 9,000 a minti daya, kuma in mai kunnen ya tsufa ba'a bar wa yara komai a takarda ba.

Sai dai kada wani ya rude ku, karfin da ake samu dan kadan ne, abin da aka fi samu shine babur ya yi laushi a hannu ya daina fizga ya rage zafi, kuma yawanci mai ake KARAWA, to ku da tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 kowa ke lissafin lita, me zaku yi da abin kara shan mai? Ga kuma doka, akasarinsu a jikin kwalin an rubuta na filin tsere ne ba na titi ba, jihar Kalifoniya ma tafi kowa tsanani. A 2016 hukumar kare muhalli ta kasar nan ta sa Harley-Davidson biyan tarar dala miliyan 12 saboda irin wadannan na'urori kusan 340,000 da suka sayar. Kuma in babur sabo ne kana iya rasa garantinka.

Ba komai na nan ne yafi namu ba fa. Kudin aiki awa-awa ake lissafawa, shaguna da yawa sun haura dala 100 a awa daya, kuma da zafi ya shigo kowa ya fito da babur sai ka yi makonni kana jiran layi. Babu wanda zai ce maka tafi da shi in ka sayar da ridi ka kawo, babu mai gyara maka famfo, cirewa ake a jefar a sa sabo. Mu kuwa babur ya mutu a hanyar gona, da sufana 10 da filaya an tashe shi. Man nasu ma yawanci da kashi 10 na etanol a ciki, daga masara ake yinsa, yana jan danshi, in aka ajiye babur duk tsawon sanyi ba'a zuba masa magani ba sai ya lalace a tanki, da bazara aikinmu kenan wankin nozul.

Abin da yake hana ni barci shine wannan, nozul yana nan tafe gida ko muna so ko bama so. Indiya da ake kera Boxer da TVS, tun Afrilun 2020 suka shiga sabuwar dokar hayaki, akasarin baburan da suke sayarwa mutanensu suka koma nozul, Turai ma haka, mu ne ake ci gaba da kerawa mai kafireta, kuma ba zai dore har abada ba. Yana da dadi kam, da asubar hunturu bugu daya ya tashi, baya barnar mai. Amma ramukan nozul sun fi kofar allura kankanta, man jarka na 'yan bumburutu mai datti da ruwa zai toshe shi, ga kurar hanyarmu, ga batir din da rabin baburan garinmu basu da shi sam, shi kuwa famfo sai da wuta mai kyau. Ranar da irinsu suka cika tasha, bakaniken da bai iya rike mitar gwada wuta ba sai dai ya dinga kallo ana wucewa da aiki birni.

Don haka Yaya, ina rokonka dan Allah, karamin nan namu da ya gama sakandare yana zaune, a kai shi wajen mai rewaya na kirki a Gumel ko Dutse wanda yake taba motoci masu biren bos, ko shekara daya ce yayi. Kudin abincinsa da na mota a kaina. Akwai wani dan Hadeja da zai taho gida bayan sallah, zan bashi mitar gwada wuta guda biyu da abin auna karfin famfon mai, daya na gareji daya na yaron, in sun iso ku kira ni ta bidiyo in nuna muku yadda ake gwada batir da sensa. A gaida Oga da su Inna, a ce mata maganin kafarta yana cikin kayan.