Hattara da mai tallar majigi "4K" a gurup ɗin WhatsApp

Assalamu alaikum 'yan uwa mazauna Makka da Jidda. Don Allah ku taya ni yaɗawa, abin ya ci ni, ba na so ya ci wani.

Akwai wani da ke tallar ƙananan majigi a gurup-gurup ɗinmu, an rubuta 4K ɓaro-ɓaro a kwali, ga araha. Na saya saboda karatun yara da muke yi bayan Magariba a gidana, nan Shari'a Mansur. Da zai gwada min sai ya kashe fitila, ya matso da shi dab da bango, ya sa katun. Wallahi ya yi kyau. Na biya, ban nemi fatura, wato rasit, ba.

A gida na haɗa da kwamfuta, na buɗe shafin Alƙur'ani, na ja majigin baya don hoton ya cika bango. Sai baƙaƙen suka narke. Ba ka raba fataha da rufu'a, shadda ta dunƙule, ɗigo biyun harafin ya sun haɗe sun koma ɗigo ɗaya irin na harafin ba. Na murɗa zoben gilashin har na gaji. Autata ta ce, "Baba, ruwa aka zuba wa rubutun?"

Ƙanina mai gyaran kwamfuta ne ya warware min. Hoto ɗigo-ɗigo ne. 4K na gaskiya ɗigo 3840 ne a kwance, 2160 a tsaye, sama da miliyan 8. Nawa kuwa 800 ne da 480, wato 384,000 kacal, ko kashi ɗaya cikin 20 bai kai ba. Damfarar tana cikin kalma guda: idan kwali ya ce "Support 4K", nufinsa majigin zai karɓi hoton, sannan ya matse shi daidai ƙarfinsa. Lambar gaskiya ita ce ta gaban "Native". Kana faɗaɗa hoto, 'yan ɗigon nan ne dai za su baje, kuma babu saitin kwamfuta da zai ƙara maka ko ɗaya.

Idan rubutu za ku nuna, ku nemi 1920 da 1080, ko aƙalla 1280 da 720. Ku gwada da ƙananan baƙaƙe, fitila a kunne, majigi nesa da bango. Ku karɓi fatura, da ita ake kai ƙara ma'aikatar kasuwanci ta lamba 1900.

Shi dai mai tallar tun washegari ya toshe ni, kuma jiya na ga tallar, da hotunan nan, a wata sabuwar lamba.