Iri ko dashe, tukunya ko kwami: abin da mai fara lambu zai saya

Kafin ka zura hannu aljihu, ka tsaya ka ga yadda rana take faɗawa a gidanka. Tumatir da tattasai suna bukatar rana ta awa 6 zuwa 8 a yini, latas da na'a-na'a kuwa suna haƙuri da ƙasa da haka. Wannan ne zai gaya maka abin da za ka saya, ba hoton da ke jikin fakitin iri ba.

In kana da fili kuma ruwa ba ya kwanciya a wurin, ka yi kwami a ƙasa. Shi ne mafi sauƙin kuɗi, ba ya saurin bushewa, sai dai ciyawa za ta sa ka aiki. In babu fili, sai tukwane, kuma a nan ake yawan yin sayen nadama.

Tukunyar yumbu tana numfashi. Ruwa yana tsatsafowa ta jikinta, saiwa ta samu sanyi, kuma da wuya ta ruɓe ko da hannunka yana da yawa wajen ban ruwa. Aibinta nauyi da fashewa, ga saurin shanye ruwa. Ta roba ba ta da nauyi, tana riƙe danshi, amma baƙar roba in ta yini a rana takan gasa saiwa. Buhun shuka, wato buhun da ake cikawa da ƙasa a yi shuka a ciki, yana tsakani: ruwa yana fita da kyau, sai dai lokacin zafi kusan kullum sai ka ba shi ruwa. Ni dai, ga wanda ke yini a wurin aiki, na fi son roba mai farin launi. Ko wacce ka ɗauka, ka juya gindinta ka ga huda, in babu ka huda da kanka.

Girman tukunya ya fi kyanta muhimmanci. Tushen tumatir ɗaya yana son tukunya mai cin wajen lita 20 da zurfin santimita 30. Latas zurfin santimita 15 ya ishe shi. Na'a-na'a kuwa a ba ta tukunyarta ita kaɗai, don tana yaɗo ta ƙarƙashin ƙasa ta mamaye maƙwabtanta.

Kada ka cika tukunya da ƙasar tsakar gida zalla. Bayan 'yan ban ruwa za ta danƙare, saiwa ta rasa iska. Ko ka sayi haɗaɗɗiyar ƙasar tukwane, ko ka gauraya ƙasa da rairayi da takin da ya ruɓe sosai. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona shuka. In akwai inda ya cancanci ka buɗe bakin aljihu, to nan ne.

Sai batun iri da dashe. Tumatir da tattasai sukan ci mako 6 zuwa 8 ko fiye kafin su isa dasawa, kuma a wannan tsakanin ne sabon hannu yake asararsu, don haka ka sayi dashe. Zaɓi gajere mai kaurin kara, ka bar dogo siriri da wanda ya riga ya yi fure, sannan ka leƙa bayan ganye ko akwai ƙwari. Karas, kuɓewa da wake ba sa son a taɓa saiwarsu, irinsu ake shukawa kai tsaye. Cikin furanni, ziniya da marigol suna fitowa daga iri ba wahala.

A jikin fakiti ka duba kwanan wata. Irin albasa yakan rasa ƙarfi bayan shekara ɗaya ko biyu, na tumatir yana kai wajen shekara huɗu. In ka ga an rubuta F1, irin aure ne: yana ba da yabanya mai kyau, amma 'ya'yan da ka ajiye daga gare shi ba lallai su fito kamar uwarsu ba.

Kayan aiki kuwa, ƙaramin cebur na hannu da butar ban ruwa mai rariya a baki sun wadatar. Fartanya sai in kwami ka yi.