Kayan ƙanshin naman tako: na leda ko na turmi?

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa, na ga tambayarki. Kin ce yara sun matsa sai kin yi musu tako, kin shiga babban kanti kin tarar da 'yar ledar haɗin kayan ƙanshinsa ta yi tsada, shi ne kike son sanin ko ki daure ki saya, ko kuwa ana iya haɗa shi a gida ya yi daidai da na kanti. Kin kuma tambaya ko yajin tsiren da kike da shi zai wadatar. Ni dai shawarata ki haɗa da kanki. Sai dai na ledar yana da abin da ya fi na gida da shi, kuma in ba ki san wannan abin ba, namanki zai fito a bushe, a warwatse.

Ya kamata ki san ɗanɗanon da muke nema tukuna. Tako abincin mutanen Meksiko ne, 'yar faffaɗar gurasar masara ce da suke kira tortiya, a zuba nama a tsakiya, a ninke, a ci da hannu. Amma mai tako na bakin titi a can ba ya barbaɗa wani gari daga leda. Gasasshen naman sa gishiri da lemun tsami ne jigonsa. Birriya ta jihar Halisko kuwa naman akuya ne da ake dafawa a hankali cikin busasshen barkonon da aka jiƙa aka markaɗa. A sama sai yankakkiyar albasa, ganyen koriyanda da miyar barkono. Niƙaƙƙen nama mai jan gari, da cuku da latas a cikin soyayyar tortiya mai ƙaras-ƙaras, wanda na tabbata shi yaranki suka gani a waya, salon Amurka ne. A jihar Teksas aka fara sayar da haɗaɗɗen garin barkono a shekarun 1890, kuma cikin waɗanda suka yi fice da shi akwai William Gebhardt, Bajamushen da ya zauna a garin New Braunfels. Daga baya Glen Bell ya buɗe Taco Bell a garin Downey na Kalifoniya a 1962, wannan salo ya bazu ko'ina. Ledar da kika gani daga wannan zuri'ar ta fito, kuma haɗin gidan da zan ba ki shi ma ita yake kwaikwayo.

Ledar irin ta kamfanin Old El Paso ko McCormick na Amurka giram 28 ce, an auna ta ne don naman da bai cika rabin kilo ba, kamar giram 450. Ki juya bayanta ki karanta. Ana jera kayan da ke ciki ne daga mafi nauyi zuwa mafi ƙanƙanta, kuma a yawancinsu za ki ga gishiri da sitacin masara, ko wani gari da ake samarwa daga sitaci mai suna maltodekstirin, sun zauna a sahun farko tare da barkonon. Sai garin albasa, tafarnuwa, da kalma guda da ta tattara sauran kayan ƙanshin ba tare da an faɗi yawan kowanne ba. Wasu suna da sukari, wasu har da garin ruwan madara, abin da ya kamata mai yaron da madara ba ta karɓe shi ba ta lura da shi.

Sitacin nan ba cuta ba ce, shi ne ƙarfin ledar. Idan kika zuba garin a kan soyayyen nama kika ƙara ruwa, sitacin ne yake kama ruwan da kitsen ya mayar da su romo mai kauri da yake manne wa kowace ƙwayar nama. Shi ya sa naman leda yake sheƙi, yake zama a cikin tortiya ba ya zubowa ta gefe. Masu haɗawa a gida da yawa a nan suke faɗuwa, sai su ce nasu bai yi irin na kanti ba, alhali ƙaramin cokali ɗaya na sitacin masara ne kawai ya raba su. Abu na biyu da ledar ta fi mu shi ne ba ta sauyawa, ɗanɗanon yau shi ne na wata mai zuwa. Na uku kuma an sa mata sinadarin hana dunƙulewa, ga ta a liƙe, don haka damina ba ta dame ta ba.

Inda ta gaza kuwa, gishiri ne kan gaba. A leda gishiri da ƙanshi a ɗaure suke, ba yadda za ki ƙara ɗaya ki bar ɗaya. Kin ɗanɗana kin ji ƙanshin bai fito ba, kin ƙara gari, sai gishiri ya yi yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato ƙasa da ƙaramin cokali guda, a duk abincinsa gaba ɗaya. Adadin sodiyam, wato sinadarin da ke cikin gishiri, da aka rubuta a bayan ledar na kaso ɗaya ne, ledar kuma an raba ta kamar kashi shida, sai ki ninka shi sau shida, sannan ki sake ninkawa sau biyu da rabi ki samu yawan gishirin. Idan akwai mai hawan jini a gidanki, wannan kaɗai ya isa ya sa ki koma turmi. Ga kuma daɗewa. Kayan ƙanshi tun daga ranar da aka niƙa su man da ke ɗauke da ƙanshinsu yake fara gudu, ledar nan kuwa ta ƙetaro teku, ta kwana a sito, ta zauna a kanta cikin zafinmu. Kuɗin ma ki duba, leda ɗaya girki ɗaya ce, alhali kayan da za ki saya ki haɗa za su kai ki girki da dama.

Yanzu na gida. Wurin da nake son ki fi natsuwa shi ne barkono, don a nan ake ɓata tukunya. Idan kin ga girkin Amurkawa ya ce a sa babban cokali na garin barkono, ba irin namu suke nufi ba. Nasu haɗi ne da aka gina a kan barkono mai sanyi irin su anco, wato busasshen wani barkonon Meksiko da ake kira poblano, mai duhun ja da ɗan zaƙi-zaƙi. A ma'aunin zafin barkono da Wilbur Scoville ya fito da shi a 1912, anco bai wuce 1,000 zuwa 2,000 ba. Gwahiyo, wanda mutanen Meksiko suke yawan amfani da shi, yana tsakanin 2,500 da 5,000. Dangin attaruhu kuwa daga 100,000 suke farawa har 350,000, ƙananan barkononmu ma suna cikin gomomin dubbai. Kin ga in kika cika babban cokali da dakakken barkononmu, ba yaron da zai iya kai loma ta biyu.

Abin da zai tsaya miki a madadinsa shi ne busasshen tattasai. Kuma ba baƙo ba ne a wannan girki, domin tattasai, attaruhu, barkono, tumatir da masara duk daga nahiyar Amurka suka iso mana. Ki saye shi ɗai-ɗai, kada ki sayi niƙaƙƙe, don ba ki san me aka gauraya a ciki ba. Ki zaɓi mai duhun ja wanda yake lanƙwasuwa ba ya karyewa, ki tsaga ki leƙa cikinsa. Duk wanda kika ga baƙi-baƙi ko furfurar ruma a ciki ki yar. Ki cire hancin da 'ya'yan, ki ɗora kasko a wuta ba mai, ki shimfiɗa su ki danna da bayan cokali. Cikin 'yan daƙiƙoƙi za ki ga fatar ta ɗan kumbura, launin ya ƙara duhu, ƙanshi ya taso. Nan take ki kwashe, don in ya ƙone ɗaci zai yi, kuma ɗacin ba ya gyaruwa. Ya huce ya yi ƙaras, sai ki daka ki tankaɗe. Ban ba ki shawarar kai wa inji ba, ɗan kaɗan ne, kuma zai dawo miki da ƙanshin abin da aka niƙa kafin naki.

Sai kumin, wanda shi ne ƙanshin da hanci yake ganewa a matsayin tako. Ƙwaya ce siririya mai ruwan ƙasa da zane-zane a jikinta, kuma ba ita ce habbatus sauda ba, kada mai kayan ƙanshi ya haɗa ki da wannan a madadinta. A shagunan 'yan Indiya ki ce jira, a wajen Larabawa ki ce kammun. Asalinta ma daga yankin Gabas ta Tsakiya ne, Sifaniyawa suka kai ta Meksiko, kuma girkin Teksas ya fi na Meksiko cika ta. Ki sayi ƙwayar, ki soya ta a busasshen kasko minti ɗaya zuwa biyu kina jujjuyawa, har ta ɗan yi duhu ƙanshinta ya cika kicin, sannan ki daka tana da ɗumi. Idan kika shinshina wannan kika shinshina na leda, ba sai na ƙara miki bayani ba.

Oregano ganye ne busasshe, ana samunsa a manyan kantuna. Na Meksiko wata shuka ce daban mai ɗan ƙanshin lemo, amma na gama-garin ya isa. In babu, ki sa tayim kaɗan. Masoronmu kuwa yana da kaifi da ɗan ɗaci, don haka ki rage hannu.

Ga awon rabin kilon niƙaƙƙen nama: garin tattasai babban cokali ɗaya da rabi, kumin ƙaramin cokali ɗaya da rabi, garin tafarnuwa, garin albasa da oregano rabin ƙaramin cokali kowanne, masoro da barkono kwatan ƙaramin cokali kowanne, sitacin masara ƙaramin cokali ɗaya. Gishiri kada ki sa shi cikin haɗin, ki bar shi sai a tukunya, ki fara da rabin ƙaramin cokali ki ɗanɗana. Idan hannunki ya saba da dunƙule, rabi ya isa, sai ki rage gishirin. In ba ki da garin albasa da na tafarnuwa ma ba komai, ki soya ɗanyunsu tare da naman, ni a wajena hakan ya fi daɗi.

Yadda ake zuba su ma ya bambanta. Na leda sai ki bi abin da aka rubuta: ki soya nama, ki tsiyaye kitse, ki zuba gari da ruwa tare. Na gida yana son ya taɓa mai tukuna. Ki sa mahauci ya bar miki ɗan kitse a naman, kamar kashi ɗaya cikin biyar, kuma kada ki tafasa shi kamar yadda muke yi wa naman miya. Kasko ya yi zafi sosai, ki baza naman ki ƙyale shi ya kama ƙasa ya yi ja kafin ki fara farfasa shi. Ki rage kitsen ya saura kamar cokali biyu, ki zuba haɗin ki juya rabin minti, za ki ga man ya koma ja. Sai ruwa rabin kofi, ki rage wuta minti biyar har romon ya kama jikin naman, ki tabbatar ba sauran inda bai dahu ba. Bayan kin sauke ki matsa lemun tsami kaɗan.

Idan za ki yi da yawa ki ajiye, ki ninka awon sau huɗu ko biyar, ki zuba a kwalba busasshiya mai murfi, nesa da murhu da rana. Babban cokali biyu da rabi zuwa uku shi ne madadin leda ɗaya. Kada ki wuce abin da za ki cinye cikin wata uku. Da damina garin albasa da tafarnuwa suna jan danshi su dunƙule, to a lokacin ki cire su daga haɗin ajiya, kuma kada ki riƙa karkaɗa kwalbar a kan tukunya mai tururi.

Batun yajin tsire kuwa, zai yi miki nama mai daɗi, amma ba tako ba. Ƙuli-ƙuli da citta da kanumfari su ne ke jan ragamarsa, kuma ba ko ɗaya daga cikinsu a wannan haɗin, shi kuma ba shi da kumin. Ƙuli-ƙulin ma in ya haɗu da ruwa sai ya yi nauyi ya danne sauran. Ki bar wa tsire kayansa.

Akwai lokacin da zan ce ki sayi ledar. Idan ba ki taɓa cin tako ba, ki sayi guda ɗaya ki dafa, don harshenki ya san inda aka dosa kafin ki fara gyara naki. Haka in kin zagaya kin rasa kumin, ledar ta fi haɗin da babu shi. Idan kuma tortiyar za ki saya ba za ki yi da kanki ba, musamman ta fulawa da aka shigo da ita daga waje, ki karanta bayanta, domin a girkin gargajiya na arewacin Meksiko da Teksas ana yawan kwaɓa ta da kitsen alade, ko da yake yawancin na kanti yanzu da man ganye ake yinsu.