Ƙwayar hawan jini ko gyaran ci da sha: amsa ga Hajiya ta Aboabo

Hajiya, kin ce an auna ki sau biyu an samu 160 bisa 100, likita ya rubuta miki amlodipine, amma kina tsoron in kin fara ba ranar dainawa. Kika tambaya ko rage gishiri da yawan tattaki za su ishe ki.

A wannan awo naki, su kaɗai ba za su isa ba. Hawan jini yana farawa ne daga 140 bisa 90, ke kuwa kin wuce nan da nisa.

Aikin ƙwayar shi ne sassauta jijiyoyin jini, kuma cikin mako ɗaya zuwa biyu akan ga awo ya sauka. Riƙe ciwon take yi, ba ta raba mutum da shi, shi ya sa in an ajiye ta yake dawowa. Tana da nata laifin: amlodipine kan kumbura wa wasu ƙafa, lisinopril kuma, wata ƙwayar hawan jinin, kan kawo busasshen tari. In haka ta faru, a koma wa likita ya canza wata. Abin da ke damuna shi ne yadda mutanenmu na Zango ke ajiye magani da zarar sun ji garau, ko su koma wa kwalbar da ake talla a cikin trotro. Wannan ciwo ba ya sallama. Mutum na cikin cinikinsa a Kejetia sai ɓarin jiki ya shanye, ko ƙoda ta gaza a kai ga wankin ƙoda a asibitin Komfo Anokye, wanda kuɗinsa ya sha durƙusar da gida guda.

Gyaran ci da sha kuwa a hankali yake aiki, amma amfaninsa ya fi faɗi, don yana taɓa suga da ƙiba da zuciya gaba ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin babba a yini kada ya kai giram 5, wato kusan ƙaramin cokali ɗaya. Namu gishirin a ɓoye yake shiga: koobi da momoni (kifin da aka adana da gishiri) a miya, dunƙulen Maggi uku a tukunya ɗaya, ga shito a kan waakye. Sai dai ko an rage shi sosai, abin da yakan sauke daga lambar sama bai cika wuce biyar ko shida ba. Ki cire wannan daga 160 ki gani.

Inda gyaran hali ya fi ƙwaya shi ne kafin ciwo ya kama. A wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 2002 kan mutanen da ke dab da kamuwa da ciwon suga, waɗanda suka rage ƙiba suna motsa jiki minti 150 a mako sun rage haɗarin da kashi 58 cikin ɗari, masu shan ƙwayar suga ta metformin kuma da kashi 31. Wannan shawara ce ta 'ya'yanki da ƙannenki tun yanzu.

Ke dai ki haɗa biyun. Ki sha ƙwayar kullum a lokaci guda, ki jiƙa koobi ki zubar da ruwan kafin girki, ki yi tattakin minti 30 bayan sallar asuba. Katin inshorar lafiya na NHIS yana ɗaukar nauyin magungunan hawan jini da aka saba bayarwa. In naki ya ƙare, ana sabunta shi a waya ta *929#. Ki riƙa rubuta awonki a takarda kina kai wa likita, don da ita zai duba ko lokacin rage miki ƙwayar ya yi.