Garin gwangwani ko haɗin gida ga mai ƙuna?

'Yar'uwa, kin ce an sallamo maigidanki daga asibiti bayan ƙunar fetur a hannu da ƙirji, kina tambaya ko ki ci gaba da sayen Ensure, garin abincin nan na gwangwani, ko ki koma haɗin gero da waken suya da gyaɗa. Allah ya ba shi lafiya.

Jikin mai ƙuna yana cin kansa ne. Furotin, sinadarin gina jiki, na fita ta ruwan da ciwon ke tsatsowa, sabuwar fata kuma da shi ake gina ta. Babba mai ƙuna na bukatar furotin giram 1.5 zuwa 2 a kan kowane kilo na nauyinsa kullum, wato mai kilo 60 sai ya sami giram 90 zuwa 120. Ƙwai ɗaya giram 6 ne kacal.

Na gwangwani an auna komai a cikinsa, har bitamin da zinc, kuma shi ya fi dacewa idan ta robar hanci ake ciyarwa. Amma kofi ɗaya furotin ɗinsa kusan giram 9 ne, tsada kuma kan sa a riƙa tsinka shi da ruwa don ya daɗe, amfanin ya tafi.

Haɗin gida, wanda ake kira Tom Brown, awo 6 ne na gero, 3 na waken suya, 1 na gyaɗa. A soya kowanne daban, a cire ɓawon waken, a tsince gyaɗar da ta yi funfuna, sannan a niƙa. Giram 100 na garin na ba da furotin kusan giram 20. Rauninsa a hannun mai damawa yake: in aka dama shi tsararo kamar koko, ruwa kawai zai cika masa ciki. Ki dama da kauri, ki zuba madara ko tafasasshen nono da cokalin man gyaɗa, ya sha sau biyar ko shida, kowane damu sabo. Bitamin C ba ya ciki, sai ki haɗa masa da lemo, gwaiba ko garin 'ya'yan kuka, ga zogale da kifi a miya.

Tunda yana haɗiya da kansa, ni haɗin gida zan zaɓa, kuɗin gwangwanin ya tafi ga ƙwai da wankin ciwo. Masu cewa ƙwai da gyaɗa na kawo mugunya, kada ki saurare su. Ƙwayoyin cuta ke kawo ta. In yana da ciwon ƙoda ko suga, likita ne zai tsara masa awon. Kina ganin zazzaɓi, wari ko rama, ki mayar da shi asibiti ranar.