Daga Jidda: A Dakata da Sayar da Gonar Kawu

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya. Na ga takardun asibitin Kawu da kuka turo a kan sankarar da ke damunsa, na kuma ji shawarar da dangi suka yanke, wai a sayar da gona a yi masa bizar Umara ya zo a yi masa magani a nan. Don Allah a dakata tukuna. Aikin jinya nake yi a garin nan, kuma abin da zan faɗa maka da idona nake ganinsa.

Maganin da likitan Kano ya rubuta masa, docetaxel, shi ne dai muke ɗaura wa masu sankarar furostet (wata 'yar gaɓa ce a ƙarƙashin mafitsarar namiji) da ta bazu zuwa ƙashi. Babu wani na musamman da aka ɓoye wa Larabawa. Tun 2004 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a kan wannan ciwo, kamfanin Sanofi na sayar da shi da sunan Taxotere, yanzu kuma kamfanoni da dama, har da na Indiya, suna yin irinsa da sauƙin kuɗi. Ta ƙarin ruwa ake ba da shi, kimanin awa guda, duk bayan mako uku, ana auna shi da tsawo da nauyin mutum. Idan an haɗa shi da allurar rage sinadarin namiji tun farko, zagaye shida aka saba yi. In ya daina aiki akwai cabazitaxel, wanda aka amince da shi a 2010. Ka faɗa wa su Inna gaskiya: a matakin da Kawu yake, maganin ba ya tumɓuke ciwon, yana danne shi ne, ya rage raɗaɗin ƙashi, ya ƙara kwana da yardar Allah.

Abin da Saudiyya ta fi mu shi ne hidimar da ke kewaye da kwalbar. A nan ba a ɗaura wa kowa sai an ɗebi jininsa an ga ƙwayoyin garkuwarsa sun farfaɗo. Tun kafin ranar zai fara shan dexamethasone, don kada jiki ya yi bore ko ƙafafu su kumbura. A ɗaki na musamman masu harhaɗa magani ke haɗa shi, dangi ba sa ma ganin kwalbar, balle a aike su kasuwa nemanta. Sannan akwai kwanakin da na fi jin tsoro, wajen kwana bakwai zuwa goma bayan ɗauri, lokacin da garkuwar jiki ke faɗuwa warwas. Zazzaɓin da ya kai digiri 38 a ma'aunin zafin jiki a wannan tsakani, ko da tsakar dare ne, ɗakin gaggawa ake nufa. A gida kuwa za a ce maleriya ce, a sayo magani a kemis, a lulluɓe tsoho da bargo a jira gari ya waye. Zubewar gashi, baƙin farce da dindiriswar yatsu duk masu sauƙi ne a kan wannan.

To amma wa ake yi wa wannan hidima kyauta? Ɗan ƙasa. Manyan cibiyoyi irin su Asibitin Sarki Faisal da Birnin Lafiya na Sarki Abdullah da ke Makka ba wuraren da baƙo zai shiga da fasfo kawai ba ne. Mai iƙama yana dogara da inshorar da mai aikinsa ya yanka masa. Inshorar bizar Umara kuwa ta larurar gaggawa ce, ba ta ɗaukar ciwon da mutum ya zo da shi. Kawu zai ƙare a asibitin kuɗi, ana biya da riyal, ga haya, ga biza tana ƙarewa magani bai kai ƙarshe ba. Akwai ƙungiyoyin agaji kamar Zamzam a nan Jidda, amma ba a gina tafiya a kan sadaka. 'Yan'uwanmu marasa takardu da ke zaune a nan shekara da shekaru, su suka fi ba ni tausayi, domin tsoron kamu kan hana su zuwa asibiti sai ciwo ya ci ƙarfinsu.

Shawarata, a bar shi a hannun likitocinsa na Asibitin Malam Aminu Kano. A tambaye su batun asusun tallafa wa masu sankara na gwamnatin tarayya, wanda ya ƙunshi sankarar mama, ta bakin mahaifa da ta furostet, kuma asibitin koyarwa na Shika da ke Zariya na cikin waɗanda aka fara da su. Maganin a saye shi a kantin asibiti, mai lambar NAFDAC, kada a bi araha, kada kuma a bar shi a cikin mota da zafin nan na Kano. A ware kuɗin gwajin jini na kowane zagaye daban, a sayi ma'aunin zafin jiki a ajiye a ɗakinsa, a samu mai mota ɗaya da zai amsa waya da dare.

Kuɗin zagaye biyun farko ni zan turo ƙarshen wata. Ka turo min sakamakon PSA, wato gwajin da ake bibiyar sankarar furostet da shi, da na jini duk lokacin da aka yi. A gaida Inna, a ce wa Kawu ina masa addu'a, Allah ya ba shi lafiya.